Yauƙin Jikin Kwalba

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, can Samaru, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ba mai ganin digiri sai ya yi furojet. Nawa a kan ƙwayoyin cuta ne, irin masu taurin kan nan da in an zuba musu fenisilin ko gezau ba sa yi. Dakta, malamin da ke duba aikina, shi ya samo su daga gyambon marasa lafiya. Ya lura cewa in an bar su cikin kwalbar gwaji, a romon da ake kiwonsu a ciki, sai su manne a jikin gilashin su yi wani yauƙi, irin wanda ke kama cikin randa in an kwana biyu ba a wanke ta ba. Yana zargin a cikin yauƙin nan suke ɓuya, magani ya zo ya wuce. Aikina shi ne in gano ko bitamin na ƙara yauƙin, ko rage shi yake yi.

Abin ba wuya a takarda. Ka jera kwalabe, wasu ka sa musu bitamin C, wasu bitamin B, wasu ka bar su haka nan. Ka sa a inkubeta, akwatin ɗumi ke nan, su kwana biyu. Ka zubar da romon, ka ɗauraye, sannan ka zuba jibi, wannan shuɗin maganin da ake shafa wa ciwo. Duk inda yauƙi ya kama, launin zai zauna raɗau. Shi ke nan, sai ka duba ka rubuta.

To ni fa a lab, ɗakin gwaje-gwajenmu, an san ni da sauri. Kafin 'yan ajinmu su gama kwalba biyar na yi ashirin. In toshe bakin kwalba da roba, in danne da babban yatsa, kacau-kacau-kacau, in juye, in ɗauki wata. Har laƙabi suka sa min, wai Injin Niƙa. Ni kuwa sai ƙara fasa kai nake yi.

Sati na farko na zuba jibi, na ɗauraye, kwalabe suka fito tas. Fari fat, kamar yau aka sayo su. Na ce ba komai, farkon shiga ne. Sati na biyu haka. Na uku haka. Wasa-wasa sai ga sati shida, littafina ba komai sai sifili a jere kamar ƙwan zabi. Abokaina har sun fara kai nasu wajen mai tafireta, ni ko layi ɗaya ban da shi.

Nan na fara neman wanda zan ɗora wa laifi. Bitamin ɗin a wani kemis na Sabon Gari na saya, kusa da kasuwa, don a Muchia nake zaune gidan innata, kullum sai na bi ta ƙofarsa. Ran wata Asabar na dire wa mai kemis ɗin kwalbar bitamin ɗin a kan kanta.

"Oga, gaskiya alli ka sayar min."

Ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa. "Haba sista! Wane irin alli? Oya, buɗe baki."

Ya ɓare ƙwaya ɗaya ya ce in tsotsa. Tsami ya doke ni har cikin kunne, ido ya kawo ruwa. Matan da ke jiran layi suka kwashe da dariya.

"Alli yana yin haka? Ku 'yan yunibasiti, buk don tu moc, sens no de, boko ya yi yawa, hankali babu. Gaishe da ticanki."

Na kwashi kwalbata na fita, ko waiwaye ban yi ba.

Ran Litinin Dakta ya kira ni ofis. Ya buɗe littafin, ya bi sifilin nan da biro ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshe.

"Kin ce bitamin kike zargi. To waɗannan da ba ki sa musu bitamin ba fa, me ya hana su yauƙi?"

Wallahi ko sau ɗaya ban yi wannan tunanin ba.

"Sati uku ya rage mai jarrabawa na waje ya zo. In ran Juma'a ba ki kawo min kwalba ɗaya mai launi ba, ba zan sa hannu ba. Sai dai ki dawo baɗi."

Rifit! Ni da babana, malamin firamare, ya riga ya gaya wa duk malaman makarantarsu cewa bana 'yarsa za ta gama. Da na fito, wata ƙawata ta ja ni gefe ta raɗa min, "Ke, girka lambobin kawai, wa zai sani?" Na ce mata mutumin nan kwalba ya ce in kawo, ba lamba ba, kwalba kuwa ba ta girkuwa.

Akwai wani dattijo mai kula da lab ɗin, Baba muke ce masa. Mutumin kudancin Zariya ne, ya daɗe a wurin tun kafin Dakta ya zo, kuma ba ya shiga sabgar ɗalibi sai an nemi shi. Ni ban taɓa nemansa ba, ai ni ce Injin Niƙa. Ran nan dai na sa sababbin kwalabe a inkubeta, na je na tsaya a gaban teburinsa kamar marainiya.

"Baba, don Allah ƙwayoyina sun ƙi ni."

"Sun ƙi ki, ko kin ƙi su? Ran Laraba in za ki buɗe, ki kira ni. Kada ki taɓa komai sai ina tsaye."

Laraba da hantsi ya jawo kujera ya zauna, ya harɗe hannu. Na ciro kwalba ta farko, na zubar da romo, na zuba ruwa, na toshe, na danne da yatsa. Don in burge shi ma har na ƙara wuta. Kacau-kacau-kacau!

"Ke! Ke! Tsaya! 'Yata, me kike yi haka?"

"Ɗauraya nake, Baba."

"Wannan ɗauraya ce ko dambe? Wa ya koya miki?"

Wa kuwa, in ba innata ba? Tuwo take sayarwa, tun ina 'yar mitsitsiya nake mata wanke-wanke. A wurinta in ta shafa kwano ta ji santsi ko kaɗan, to sai ka sake, da toka da soso. Ni a duniyata, in an ce ɗauraye, ana nufin kada a bar komai.

Baba ya sa na juye ruwan a wani kofin gilashi maimakon bokitin maganin kashe ƙwayoyi da muke zubarwa. Ya ɗaga shi saitin taga. Sai ga wasu zare-zare farare suna lilo a ciki, kamar yauƙin kuɓewa.

"Kin gan shi? Furojet ɗinki ke nan. Sati shida yana fitowa, ke kuma kina sallamarsa a bokiti."

Ban san sanda na zauna a ƙasa daɓas ba. Dariya ta zo, kuka ya zo. Ashe ƙwayoyina lafiyarsu lau!

"Tashi, ba a zama a ƙasan lab. Saura kwalba nawa?"

"Sha ɗaya."

"Sun isa. Kawo ɗaya."

Ya karkata kwalbar, ya bar romon ya gangara da kansa. Ya ɗebi ruwa a fifet, siririn bututun nan na awo, ya jingina bakin bututun a jikin gilashin, ruwan na silalowa a hankali.

"Kamar wankan jariri ranar suna. Ba girgiza, ba toshewa. Wannan yatsan naki ki ba shi hutu, ya yi aikin gwamnati ya isa fansho."

Na karɓa. Hannuna har ƙaiƙayi yake, yana son ya girgiza kwalbar. Kwalba goma suka ci min fiye da awa ɗaya, Baba na gefe yana ta "sannu, sannu, ba tashar Kano za ki ba." Muka zuba jibi, muka jira, muka sake ɗaurayewa, muka kife su a kan takarda su tsane.

Da na juyo ta farko, wadda ba bitamin, sai ga launi ya kama jikinta raɗau, har da zobe a daidai inda romo ya tsaya. Na kurma ihu, sai da na lab ɗin kusa suka leƙo. Masu bitamin B ma sun kama sosai. Masu bitamin C kuwa dishi-dishi, wadda na fi zuba wa ma da ƙyar ake ganin launin.

Ban jira Juma'a ba. Na rungumi katakon da ake jera kwalaben na nufi ofis, Baba na bina da "a hankali dai, kada ki fasa shaidarki!" Dakta ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga, ya daɗe a kan ta ƙarshe.

"To, yanzu kin fara aiki. Amma kada ki je Sabon Gari kina shelar lemo na warkar da gyambo. Wataƙila tsamin ne kawai ya hana su mannewa, ba bitamin ɗin ba. Ki sake yi sau uku, ki haɗa da kwalaben da kika kashe musu tsamin, mu gani. Kuma ki rubuta yadda ake ɗaurayewar dalla-dalla, don na baya."

"Yalla­ɓai, za ka sa hannu ke nan?"

"In kin kawo min kafin mai jarrabawa ya iso."

Na fito na tarar da Baba a bakin ƙofa, wai shi wucewa yake. Na durƙusa har ƙasa na yi masa godiya. Ya ce in tashi in je in dafa romo, kwalba arba'in ke jirana, kuma a wannan sabon saurin nawa sai na yi da gaske. Na yi su kuwa, sau uku cif. Ana saura kwana biyu mai jarrabawa ya iso, Dakta ya sa hannu.