Yafiyar da Ba Ni Na Yi Ba

Wata ƙawata mai gabatar da shirin mata a rediyo ta daɗe tana lallaɓa ni in zo in faɗi abin da ya same ni ina yarinya. Ta ce za a sauya muryata. Kullum sai in ce zan yi tunani. Tunanin kuwa bai wuce Inna ba, mahaifiyata, wadda har yau a gidan gado take zaune, a tsakiyar dangin mutumin.

Ƙanin mahaifina ne. Ɗan sahun gaba a masallaci, ga hannun kyauta. Ni kuwa na san abin da yake yi mini in an aike ni ɗakinsa da abinci. Na gaya wa Inna tun lokacin. Ta toshe mini baki da hannu mai warin daddawa, ta daina aikena wurinsa, magana ta ƙare ke nan.

Da ya rasu na je zaman makoki a Ƙofar Kaura, don kada a ce ban je ba. Muna zaune a tsakar gida sai Gwaggo, yayarsa, ta tashi tana bin tabarmi tana roƙa masa yafiya, kamar yadda aka saba.

"Duk wadda Alhaji ya ɓata ma rai, ta yahe mashi."

Kowa na cewa ta yafe, har waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ta iso kaina, na yi shiru. Inna ta mintsine ni ta ƙarƙashin hijabi, na ƙi motsi. Sai na ji Inna ta ce, "Ta yahe, Yaya. Kuka ne ya sarƙe ta."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ya yi ɓarnarsa ya tafi cikin farin likkafani, abu guda da ya rage a hannuna kuma an miƙa masa ba a ko tambaye ni ba.

Bayan sadakar bakwai na je rediyon. Na faɗi komai ban da suna. An sauya muryar, amma uwa ta san numfashin 'yarta. Washegari Inna ta kira ni. Na ɗauki wayar, don wauta ina zaton haƙuri za ta ba ni.

Muka gaisa, ta tambayi yara. Sannan ta rage murya.

"Ban ji farkon ba, an ɗauke wuta. Ba ki dai hwaɗi unguwarmu ba ko?"