Ledar da Baba Ishaya Ya Ɗaure

Da safen nan labarin ya same ni. Ina bakin kogi ina ƙoƙarin tayar da injin ban-ruwa sai Mama Rifkatu ta kira daga Nguru, ta ce, "Dauda, Babanka ya tafi gida."

Na gane rasuwa take nufi. Na bar injin na zauna a kan jarka.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Ishaya mijin Mama Rifkatu ne, ba mahaifina ba. Mutumin Filato ne, aikin malamin gona ya kawo shi Gashuwa tun ba a haife ni ba. Da ya yi ritaya bai koma ba, ya karɓi lambun Alhaji Modu yana renon dashen mangwaro.

A coci muka saba, lokacin ina tura kurar ruwa. Ya ce ya lura ba na faɗa a layin famfo, in zo ya koya mini aikin da ke son mai iya jira.

Aikin shi ne yi wa mangwaro aure. Za ka samu ƙaramin dashen mangwaron gida, wanda muke ce wa uwa, ka tsaga kansa da reza. Ka yanko reshe daga bishiya mai 'ya'ya masu daɗi, ka fiƙe gindinsa, ka cusa a tsagar, ka naɗe da leda tam. Shi ke nan. Sai ban-ruwa da jira.

Alhaji Modu kan tsaya a kanmu ya ce, "Malam Ishaya, wannan sana'a taku ta malalata ce. Ku ɗaure ku zauna a inuwa." Baba ya ce, "Alhaji, kai dai ɗaure akuyarka, ita ce ba ta iya zama."

Doka ɗaya gare shi: ba a kwance ledar a leƙa.

Wani mutumin Dagona ya taɓa sayen dashe a wurinmu. Kullum da safe sai ya kwance ya duba ko sun kama, ya mayar ya ɗaure. Duka suka bushe. Ya dawo yana faɗa. Baba ya bar shi ya gama, ya ba shi ruwa ya sha, ya loda masa wasu a babur kyauta. Ya ce, "Waɗannan ka yi kamar ka manta da su."

Baba ba fasto ba ne, amma a lambun nan na fahimci abin da ake nufi in an ce mai bi yana cikin Almasihu, Almasihu kuma yana cikinsa. A da na ɗauka kamar maƙwabtaka ce, ka je coci ku gaisa ka dawo. Ya nuna mini tsagar ya ce, "Duba, ba reshen kaɗai aka yanka ba, har uwar. Almasihu ma an ji masa ciwo dominmu. A wurin ciwon ake haɗuwa. In sun kama, ruwa ɗaya ke yawo a jikinsu."

Na ce, "Amma Baba, a nan uwar ce mai tsami, reshen ne mai daɗi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ka kama ni. Shi Allah, a juye ya yi nasa. Mu masu tsamin ya ɗauka ya ɗora a kan itace mai kyau. Babu malamin gonan da zai yarda da wannan."

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Aka riƙa kai shi Nguru wankin ƙoda, daga baya aka riƙe shi a can.

Ranar da na je duba shi na tarar da wani ɗan'uwa daga ƙungiyar addu'a yana cewa, "Baba, ka buɗe baki ka yi addu'a da ƙarfi. Shirun nan ba alama mai kyau ba ce." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Baba ya yi masa godiya.

Da ya fita, Baba ya ce, "Dauda, gaskiya ya faɗa, addu'ar ta ƙi fitowa. In na fara sai barci ko amai. Ba na jin komai."

Mutumin da ya koya mini zumunci da Allah ke nan. In nasa ya yanke a ƙarshe, to nawa fa? Na ce, "Baba, ba ka jin tsoro?"

Ya ce, "Wani lokaci." Can ya ce, "Reshen da ke cikin leda, me yake yi?"

Na ce ba ya yin komai.

"Wa ke tura masa ruwa?"

Na ce uwar.

"To. Ba ni na ɗaura kaina ba, Dauda. Kuma ba zan kwance in leƙa ba."

Sai ya tambaye ni ko na gyara shingen da akuyar Alhaji ke bi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Tun safe mutane ke kiran Mama suna tambaya ko ya yi addu'a kafin ya cika. Ta ce bai ce komai ba, ruwa kawai ya nema. Ni ban tambaye ta ba.

Akwai layin dashen da ya ɗaure da hannunsa kafin a tafi da shi. Hannun na rawa, ɗaurin bai yi kyau irin na da ba. Har yanzu ko ganye ɗaya bai fito ba. Ɗazu Alhaji Modu ya zo yi mini gaisuwa, ya daɗe tsugune a gabansu. Ya ce, "Dauda, ko mu buɗe ɗaya mu gani?"

Na ce a'a, Alhaji.

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki bokiti. Tare muka ba su ruwa.

Ya Ubangiji Yesu, kai ka ɗaure bawanka Ishaya a jikinka, kai ka riƙe shi lokacin da bakinsa ya gaza. Ka ta'azantar da Mama Rifkatu da 'ya'yansu. Mu da muka rage, ka riƙe mu haka, ko muna ji ko ba ma ji. Amin.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa iyalin a addu'a. Ku tuna kuma da masu ciwon ƙoda da ke kwance a Gashuwa da Nguru, musamman waɗanda ba sa iya yi wa kansu addu'a yanzu.