Ɗage a Katangar Iya

A shekarar fari ta biyu na yi targaɗe wajen kokawar layin famfo. Da aka kwance ɗauri, ƙafata ta koma kamar sillen kara. Likita ya ce in dafa bango in riƙa yin ɗage, dunduniya sama, dunduniya ƙasa, sau talatin safe da yamma, har idon sawu da sharaɓa su yi ƙarfi.

Na zaɓi katangar Iya, wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Ashe duk ɗagen da na yi, kaina daidai murhunta yake leƙowa, a lokacin da kowa ke ɓoye tukunyarsa.

Rana ta uku ta ce, "Kai ɗan nan, leƙe talatin a tukunya guda? Ungo, kada idonka ya faɗo ciki." Ta miƙo mini ƙanzo.

Wallahi nan take na ƙara wa kaina magani, ya koma sau ɗari.

Innata ta kama ni baki cike. "So kake Damagaram kaf ta ce roƙo muke yi?"

"Inna, likita ne ya ce!"

"Bango ya ce, bai ce na Iya ba."

Ta ja kunnena har bangon makewayi. A can kwana biyu kacal na yi na warke.