Famfon da na gyara wa kunkurun Abba

Shekarun baya, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina zaune babu aikin fari balle na baƙi, mahaifina da mahaifiyata suka shirya tafiya Umara ta sati uku. Yayyena duk sun yi aure, ni kaɗai na rage, sai gidanmu na Nassarawa GRA ya faɗo hannuna. Murna kamar an naɗa ni sarauta.

Ranar tafiya Abba bai ja mini kunne a kan mota ba, bai ja a kan janareta ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ga tsohona nan, amana." Tsohon nan kunkuru ne, wani ƙato kamar an kife ƙwarya babba. Abba ya zo da shi daga wani ƙauyen Jigawa da ya yi aiki tun ba a haife ni ba, lokacin bai fi tafin hannu ba. Kullum bayan la'asar Abba zai ja kujera bayan gida ya buɗe jarida, kunkurun na gindin ƙafarsa. Umma ta rantse ta taɓa jin yana yi masa bayanin siyasa.

Na ce, "Abba, kwantar da hankalinka. Za ka dawo ka tarar ya yi ƙiba."

To ni akwai rawar kai, wannan ko maƙiyina ya shaida. Jirginsu bai sauka ba na ƙudura sai sun dawo sun kasa gane gidan. Abin da ya fi tsone mini ido wani famfo ne a gindin gwaiba, can bayan gida. Tun ina firamare yake ɗiga. Ƙarƙashinsa ya zama ɗan kwari, kullum cikin taɓo, ciyawa ta yi duhu a kewaye. Gida a GRA, fulawa a gaba, kududdufi a baya. Sau nawa na yi wa Abba magana, amsarsa ɗaya ce: "Bar shi." Na ɗauka halin manya ne na a bari sai gobe.

Sai ga shi Baba mai lambu, dattijon da ke kula da shukokinmu, ya nemi kwana goma zai je garinsu sharar gona. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, babu mai hana ni. Washegari na kira mai gyaran famfo ya ɗaure shi tam. Na sa aka nome ciyawar tas, aka cike kwarin, aka shafe da siminti. Har hoto na ɗauka, ina ta kallo ina yaba wa kaina.

Saura alƙawarin ƙiba. Na duba na ga wai ganye da busasshiyar harawa ake zuba wa bawan Allah kamar rago. Amanar Abba guda? Na shiga yi masa karamci irin na baƙon kirki: shinkafa da miya, tuwo, burodi jiƙe da madara, ranar Juma'a har da tsokar kaza. Ruwa kuwa ko a mafarki. Tun ina yarinya nake jin ana cewa kunkuru ba ya shan ruwa, ni kuma ban taɓa ganin kwanon ruwansa a gidan ba. Ga bazara ta kankama, zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake.

Kwana biyu ya ɗan taɓa girkina, daga nan ya juya mini baya. Sai ya riƙa zuwa kan sabon simintin nan yana tsayawa, yana kartarsa da farce. Wallahi cewa na yi shi ma gyaran ya burge shi.

A rana ta tara ya shige ƙarƙashin tankin ruwa bai fito ba. Na durƙusa na leƙa: idanu sun zurma, a rufe, na taɓa ƙafarsa da ƙyar ya janye. Ranar kuma Abba ya bugo waya, kafin ya tambayi lafiyata ya ce, "Ya tsohona?"

"Lafiya ƙalau, yana hutawa," na ce. Na ajiye wayar na zauna a ƙasa na yi kuka sosai. Tsoro nake ji, ga kunya. Dabbar da ta yi shekara talatin a hannun Abba, ni ko sati biyu ban riƙe ta ba.

Da safe Allah ya kawo Baba mai lambu. Ko jakarsa bai ajiye ba ya hango simintin, ya yi salati.

"Hajiya ƙarama, wa ya rufe wa tsoho rijiyarsa?"

"Wace rijiya kuma, Baba?"

"Kullum da sanyin safiya nan yake shiga ya kwanta, ya sha ya ƙoshi. Ciyawar da kika nome ita ce tuwonsa. Da gangan Alhaji ya bar famfon nan. Amma ke da ba kya tashi sai hantsi, ina za ki gani?"

Garin neman gira na kusa rasa ido. Ban tsaya kare kaina ba, na ruga na ɗauko bahon wankin Umma. Baba ya ce ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada ya wuce haɓarsa, kada ya kai hanci. Muka cicciɓo kunkurun mu biyu muka saka. Muka tsuguna muna jira. Shiru. Ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Can sai wuyan nan ya miƙo a hankali. Ya tsoma baki cikin ruwan, maƙogwaronsa ya fara motsi. Yana sha! Na riƙe hannun rigar Baba ina tsalle a tsugune. Kunkurun ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago kuma ido ɗaya a buɗe. Bayan ɗan lokaci ya saki kashi a cikin bahon, Baba ya ce, "Alhamdulillahi, ciki ya warware." Ni, mai digiri, na rangaɗa guɗa a kan kashin kunkuru, har maigadin maƙwabta ya leƙo ta katanga yana tambayar ko haihuwa aka yi.

Daga ranar kullum sai mun jiƙa shi da safe. Tuwo da madara an sallame su. Baba ya riƙa kawo harkiya, rama, yakuwa da zogale, wani lokaci ɗan yankin kabewa. A rana ta uku kunkurun ya kai wa ganyen rama cizo, na ji kamar ni aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Sai na sake kiran mai gyaran famfo na ce ya kwance shi ya koma ɗiga. Ya dube ni ya dubi famfon ya ce, "Hajiya, tunda nake wannan sana'a ba a taɓa kirana in ɓata aiki ba." Na ce yau an fara. Muka fasa simintin, Baba ya dasa ciyawa.

Da su Abba suka dawo, ko ruwan zamzam ba a sauke ba ya zarce bayan gida. Ya ga ɓaraguzan siminti a gefe, ya ga tsohonsa kwance cikin taɓo. Ban jira tambaya ba na zayyane masa komai. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Rabin laifin nawa ne. Na ce ki bar shi, ban ce miki don me ba."

Tun daga nan, in na ga abin da ya yi mini kama da sakaci a gidan mutane ko a wurin aiki, nakan fara tambayar wa yake sha a wurin kafin in ɗauko siminti.

Abba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Tsohon yana nan, yanzu ni ke jan kujera bayan la'asar. Duk baƙon da ya zaga bayan gida sai ya dawo ya ce mini, "Famfonku fa yana zuba." Sai in ji bakina ya ce, "Bar shi." Amma ni nakan zaunar da mutum in faɗa masa dalili.