Tulun Inna da garahunin da ke cikinsa

Da damanar nan Inna ta cika shekara biyar da rasuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa kabarinta ya yi mata faɗi. Ni ce autarta, wadda aure ya ɗauko daga Argungu ya kawo Birnin Kebbi, unguwar Nasarawa, gidan haya mai daɓen siminti tun daga zaure har bakin maƙewayi. Ba inda za ka tona ka sa ko da ƙwayar kuɓewa.

Da na haifi ɗiyata ta fari, Inna ta zo zaman jego. Ta sauko daga mota da ƙunshin kayanta a kai, a hannu kuma tsohon tulunta, wanda ta yi shekaru tana ɗebo ruwa da shi daga gulbi kafin gindinsa ya tsage. Na ji kunyar maƙwabta. Na ce mata muna da jarka. Ta ce ba don ruwa ta kawo shi ba. A ciki ta cika ƙasar fadama, ta dasa garahuni, wannan mai yaɗo da ganye mai ɗaci da ake ba masu jego. Ta ajiye shi gefen katanga, ta ɗaura igiya zuwa ƙusar taga, ta ce gidan da za a riƙa haihuwa ba ya zama babu garahuni. Ba ta ga yayen yarinyar ba. Sunan Inna muka sa mata, shi ya sa muke kiranta Ummi.

Tun daga nan, ni da tulun nan sai Allah. Ni mace ce mai yawan tsoro, ban ɓoye ba. Tarin yaro kaɗan sai in kasa cin abinci. Haka nake da garahunin. Da rani ya bushe in tada hankalina, da ruwa ya sauka ya tofo in ji kamar an yi mini sallama daga gida. A wuyan tulun akwai wani wuri da ya yi baƙi, ya yi santsi, inda hannun Inna ke kamawa in za ta ɗora shi a kai. Nakan sa hannuna a wurin kafin in zuba ruwa. Yatsunta sun fi nawa tsawo.

Wani lokaci ina tunanin abin da za ta ce da ta ga yadda muke yanzu. Ruwa a leda muke sha. Ummi ba ta taɓa ganin mace da tulu a kai ba, kuma ban taɓa barinta ta je bakin gulbi ba ko da mun kai ziyara. Inna kuwa tun ina rarrafe take zaunar da ni a kan yashi ta shiga wankinta. Ina jin da dariya za ta yi mini, irin wadda take yi tana rufe baki da gefen zane.

Bana, bayan na haifi ƙanen Ummi, garahunin ya fara canzawa. Ganyen ya ƙanƙance, ya yi rawaya tun daga ƙasa. In na zuba ruwa, nan take ya zurare ta tsagar gindi kamar ba ƙasa a ciki. Wasu fararen saiwoyi suka leƙo ta tsagar suna lalube a kan siminti. Na ƙara taki, ya ƙi. Na matsar da shi inuwa, ya ƙi.

Yaya Asabe, babbar yayarmu, ita ta zo mini jegon wannan karon. Ta duƙa, ta cusa yatsa a bakin tulun, yatsan bai shiga ba. Ta ce saiwa ta cinye ƙasar duka, ta cika cikin tulun tana zagaya kanta, in ba a sauya masa wuri ba ba zai ga wata damana ba. Na ce to mu zare shi a hankali. Ta nuna mini wuyan tulun, ta nuna mini cikinsa. Abin da ya girma a wannan ciki ba ya fita ta wannan baki.

"Hwasa shi za a yi, Auta," in ji ta.

Na ce ba da ni ba. Zannuwan Inna an raba, ɗakinta wani ya shiga, wannan kaɗai ya rage mini da hannunta a jiki. Yaya ba ta yi mini gardama ba. Ta ci gaba da dama kununta, can ta ce, "Inna tulu ta ɗauko miki tun daga Argungu, ko abin da ke ciki?"

Na yi kwanaki ina kewaya tulun, ganye na ta zuba. Ranar da na ga reshen da ya kai taga ya saki igiyar, na ce wa Abban Ummi ya samo mana rabin duro na roba. Ya huda gindinsa da ƙusa mai zafi. Yaya ta aika aka kawo ƙasar fadama daga gida, muka gauraya da yashi da tsohon takin awaki. Muka shayar da garahunin tun da safe, muka jira la'asar ta yi sanyi. Yaya ta riƙe yaɗon, ni na ɗauki taɓarya, don na ce in dai za a fasa, ni zan fasa.

Da cikin tulun ya buɗe, saiwar ba ta watse ba. Ta tsaya dunƙule da siffar tulun sak, har da ɗan lanƙwasar gefen da yake da ita. Na daɗe ina kallo. Yaya ta ce haka ma ba za a bar ta ba, in aka dasa ta a dunƙule za ta ci gaba da shaƙe kanta ko a cikin gona. Muka warware ta da yatsu kamar ana tsefe kitso, muka yanke baƙaƙen da suka mutu. Tsingaron tulun muka shimfiɗa a gindin duron don ruwa ya riƙa wucewa. Muka zaunar da saiwar daidai zurfin da take a da, muka rufe, muka kare ta daga rana da tsohuwar tabarma.

Wuyan tulun bai fashe ba. Ya rage kamar zobe a gindin garahunin, da wurin nan mai santsi. Yanzu sabon ganye ya fito, kore shar, wani siririn hannun yaɗon ya sake kama igiyar da Inna ta ɗaura, kuma da ganyen na sha kunun jegon nan. Ummi ce ke zuba ruwa, ta ga ina dafa wuyan, ita ma sai ta dafa.

Ranar da Yaya za ta koma, ta tsaya a zaure ta ce in riƙa dubawa, duk ranar da gindin ya yi kaurin da zai cika zoben, shi ma in fasa shi. Na ce to. Kullum da safe nakan sa yatsa tsakaninsu in gwada. Har yanzu da sauran wuri.