Malamin da Ya Koma Ɗalibin Ɗalibarsa

Kullum da safe malamin aji uku yakan fito da kujeru biyu bakin ƙofa, ɗaya tasa, ɗaya ta ɗalibi. Ya kira yara ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa kowa shafi daga darasin makon. Yana sauraro, yana ɗiga alama inda aka yi tuntuɓe. Wannan zangon zai yi ritaya, kuma da yawa sun ɗauka haka ya taso. Ba haka ba ne.

A da Malam Kun-Gane ake ce masa. Ya karanta layi, aji ya maimaita har kwanon rufi ya amsa. Ya ce, "Kun gane?" Su ce, "Mun gane." Shekaru ya yi yana ƙoshi da wannan amsar.

Sai aka kawo sabuwar malama, wadda ta taɓa zama a ajinsa tana yarinya. Ta zo da wani salon gwaji: a ware yaro shi kaɗai, a ba shi abin da manhaja ta ce ya kamata ya iya, a sake bayan mako a ga ko ya matsa. Malam ya yi dariya a ɗakin malamai.

"'Yata, ni na koya miki baƙi. Yau ke za ki koya mini awo?"

"Baba Malam, ara mini gwanarka kawai."

Ya ba ta yarinyar da ake wa laƙabi da Rediyo, 'yar tela, wadda muryarta ke jan ajin. Malamar ta ɗora yatsa a tsakiyar shafi. Rediyo ta ɗauko daga farko, tiryan-tiryan, idonta na kan taga. Aka ce ta faɗi kalmar da ke ƙarƙashin yatsa. Ta kasa. Ashe da kunne ta haddace littafin.

Waɗanda ke wurin sun ce Malam ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

Da ya ga dama, da ya rufe maganar, yarinyar ta wuce aji huɗu a haka. Amma sai ya taka har shagon tela, mutumin da ya sha gaya wa cewa 'yarsa ta fi kowa.

"Ba ta iya karatu ba. Ni ne ban duba ba."

"To zamanta a can na mene ne? Ta dawo ta riƙe mini almakashi."

"Ba ni zango ɗaya."

Da furfurarsa ya zauna gaban malamar yana koyo, abokan aiki na leƙe suna ƙus-ƙus. Bai iya da wuri ba. Da yaro ya cije, sai ya raɗa masa kalmar.

"Baba Malam, ka sake ba da amsa."

"Bakina ne ya saba."

Ya koyi yin shiru, abin da ya fi masa wuya. Gwajin ya nuna ba Rediyo kaɗai ba ce. Bai ɓoye ba, ya mayar da rabin ajin farkon littafi.

Ƙarshen zango Rediyo ta tsaya a shago da shafin da ba ta taɓa ji ba. Ta karanta a hankali, da 'yar murya, tana gyara kanta. Tela ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki har ta gama. Bai sake zancen almakashi ba.

Malam, kai ne ka haɗiye kunya a gaban mutane don kada yara su ɗauke ta har girma. Mun gode, Malam. Allah ya ba ka hutu mai daɗi.

Har yau ajujuwan da ke gefen nasa suna amsawa baki ɗaya. Malaman ajujuwan nan, ku ware yaro guda gobe, ku ji abin da zai karanta.