Ƙwan Aradu a Bakin Murhu

Har gobe idan zan sayi batir sai na ɗora shi a tafin hannu na ji nauyinsa, in juya shi in duba ko rigarsa ta yage. Masu shago a Ƙaura suna yi mini dariya, wai sai ka ce mai sayen zinari. Su yi ta yi. Ni na san abin da na gani: wata tsohuwar al'ada ta kawuna Lawali ta kusa raba jikarsa Hadiza da idanunta. Abin haushin kuma, tun ina yaro kakata ta ba mu labarin, ban dai gane da mu take ba.

A Dauran na tashi, a hannun Kaka Tumba, wadda ta haifi mahaifiyata da Kawu Lawali. Da an kai hatsi rumbu sanyi ya sauko, bayan sallar isha'i sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta jawo kwandon gyaɗa ta dire a gabanmu. Dokarta ɗaya ce: wanda bai ɓare gyaɗa ba, ba shi da kunnen jin tatsuniya. Ni kuwa rabi na ɓarewa ne, rabi na baki. Takan harare ni ta ce, "Wanga miji nawa, ɓera ya fi ka amana. In ka cinye iri, mi za mu shuka?"

Kawu Lawali a lokacin saurayi ne, ba ya zama cikin yara, amma ba ya nisa da wutar, saboda rediyonsa. Batir yana da tsada, don haka ba a yar da shi da wuri. In ya yi sanyi, da rana a shanya shi a kan kwanon ɗaki, da dare a jera shi a kan dutsen murhu ya ji ɗumi. In ya ƙi, Kawu ya gartsa masa cizo har sai ya lotsa. Kuma wallahi yana yi, rediyo ya sake buɗe baki na ɗan lokaci. Aikina ne in riƙa juya batiran kada gefe ɗaya ya ƙone, ina jin kaina kamar wani babban makaniki.

Akwai tatsuniyar da Kaka ta fi maimaitawa a irin wannan sanyi. Takan gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ta taho da ƙafarta." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

Wai an yi wata tsohuwa mai tausayin kaji. Duk ƙwan da uwarsa ta gudu ta bari, sai ta ɗauko ta binne shi a toka mai ɗumi a gefen murhu, ta yi ta juya shi har ya ƙyanƙyashe. Ta yi da na kaza, ta yi da na zabo, ta yi da na agwagwa, bai taɓa ba ta kunya ba. Ran nan bayan an yi ruwa da tsawa, ta je itace ta tsinci wani ƙwai a gindin bishiyar da ta tsage biyu. Ya fi na zabo girma kaɗan, ga sheƙi, ga nauyi. Kurciya ta leƙo ta ce, "Iya, kin san uwarsa?" Tsohuwa ta ce, "Ƙwai dai ƙwai ne. Tun ba a haifi kakarki ba nike wanga aiki." Ta kai shi gida ta binne a toka. Ashe ƙwan aradu ne, da wutarsa a ciki ya zo duniya. Da ya ji wata wutar a waje sai ya kumbura, ya yi huci, ya fashe. Ɗaki ya tafi, kaji suka tafi, tsohuwa ta tsira da zanen jikinta.

"Kama da wane ba ta wane," in ji Kaka, tana nuna mu da kara. "Kamin ka aza abu ga wuta, tambayi uwar da ta haihe shi. Ƙurunƙus, wanda bai ji ba shi tambayi toka." Mu dai abin da muka ɗauka shi ne kada a tsinci ƙwai a daji.

Shekaru suka wuce. Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ni na koma Ƙaura ina sayar da hatsi, Kawu ya tsufa a gidan. Da zaman ƙauye ya zama na kunne a tsaye, ko akuya ta yi motsi a garke sai ya fito ya duba, ga idonsa ya rage. Sai na saya masa babbar tocila, irin wadda in ka haska daga ƙofar gida kana ganin mutum a can bakin gona.

Mai shagon ya ɗauki lokaci yana yi mini bayani. Ya ce irin wannan tocila tana jan wuta da ƙarfi, ba kowane batir take ɗauka ba, sai na caji, ɗan'uwan na cikin waya. Ya ɗora mini biyu a hannu. Ɗaya mai nauyi, ya ɗan fi tsawo, ya ce a gindinsa akwai abin da ke yanke wuta in caji ya yi yawa ko batir ya yi ƙasa sosai. Ɗayan sakayau, an zuba masa lamba mai tsawo a jiki don a ruɗi mai saye. Ya ce in ɗauki mai nauyin, kada a haɗa sabo da tsoho, kada a sa wanda rigarsa ta yage, a yi caji da cajarsa, kuma ko da wasa kada zafi ya kusance shi.

Duk na kwashe na gaya wa Kawu. Ya saurare ni yana murmushi, ya ce, "Ɗan nan, ni za ka koya ma batir? Tun kana cin gyaɗar iri nike da rediyo."

Da sanyin bara na je gaishe shi. Na yi sauri na shiga gari kafin magariba, don yanzu ba mai son dare ya same shi a hanya. Bayan isha'i aka hura wuta a wurin nan dai na Kaka, jikoki suka kewaye. Ina cikin ba su labarin Ƙaura sai na ga Hadiza, 'yar shekara shida, ta sunkuya da ɗan kara tana juya wani abu a kan dutsen murhu. Fuskarta dab da shi.

Na ce, "Kawu, mene ne wancan?"

Ya ce batirin tocila ne. Wanda na saya masa wani jikansa ya ɓatar, shi ne ya aika aka sayo masa mai araha a Kasuwar Daji. Bai daɗe ba haske ya yi ja, wurin caji kuma ya rufe. "Na ɗan cije shi, ɗumi kawai shika so."

Rigar batirin ta narke, wani wari mai hawa kai yana tashi. Ban san lokacin da na fizgo yarinyar na wurga ta bayana ba. Na ɗauki muciya na make shi, ya gangara can gindin katanga. Ko tsayawa bai gama yi ba ya yi tsaki mai ƙarfi, wuta ta feso daga kansa kamar ta mai walda, ya yi tsalle ya bugi bango. Wata zana da ke jingine a wurin ta kama, muka kashe da ƙasa. Hadiza tana ta kuka don ta ƙuje gwiwa da na wurga ta.

Kawu bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon baƙin tabon da ke jikin katanga, sannan ya jawo yarinyar ya ɗaga haɓarta, ya duba ido ɗaya, ya duba ɗayan.

"Ƙwan aradu," ya ce a hankali. Ashe duk shekarun nan da yake gefe da rediyonsa, yana ji.

Da ina zaton tatsuniyar ta marasa wayo ce. Yanzu na gane tsohuwar nan gwana ce, gwanintar ce ma ta hana ta tambaya. Dabarar da ta yi wa Kawu aiki shekara da shekaru ba ƙarya ba ce, ƙwan ne ya canza.

Na sayo masa sabon batir mai nauyi, ya karɓa. Na ce zan sa a yaɓe katangar, ya hana. Ya ce a bar tabon, yara su riƙa gani. Da na koma kwanan baya, na tarar da Hadiza ta tara ƙannenta a gaban wurin, ta riƙe kara tana nuna su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Wanda bai ji ba, shi tambayi bango."